Garka a Bayan Aji: Kolejojinmu da Ilimin da ke Kwance a Bakin Danga



Maganar da zan yi yau a kan kolejojin karkara take, wato CEG ɗin da ke garuruwanmu na Madawa da Buza da Keita, da kuma wani darasi da ba ya cikin jadawalinsu: noma, wanda ake yi da hannu, a auna, a rubuta, a ba shi maki. Na san yawancinmu a nan ƴan birni ne. Wasu suna jami'a a Tawa ko Maradi ko Yamai, wasu sun gama suna jiran aiki. Wani zai ce a ransa, mene ne ruwana da garka? Ka ba ni aron kunnenka kaɗan, in na gama sai ka yanke hukunci.

Mu fara da ƙasar da muke takawa, domin da yawa daga cikinmu ba mu san darajarta ba.

A 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Maggiya, cikin gundumar Buza, tare da ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji na ƙasarmu. Iskar hunturu ce take kwashe ƙasar gona, ta farkon damina kuma ta binne shuka da rairayi tun tana jaririya. Aka jera itatuwa layi biyu-biyu, tsakanin wannan jeri da wancan wajen mita 100, har tsawonsu ya kai ɗaruruwan kilomita. Masana daga ƙasashe daban-daban suka zo suka auna hatsin da ke bayan layukan, suka tarar ya fi na fili, suka koma suka rubuta littattafai.

A 1984, shekarar yunwar da iyayenmu ke kira El Buhari, aka buɗe babban aikin Keita da kuɗin ƙasar Italiya, tare da FAO da PAM. Maza da yawa sun tafi bida. Mata ne suka ɗauki duwatsu a ka, suka haƙa ramuka a jikin tsaunuka, suka tare ruwan da ke gangarowa yana yage gonaki, ana biyan su da abinci. An farfaɗo da dubban hektoci na ƙasar da ta mutu, an dasa miliyoyin itatuwa, an gina madatsun ruwa. Da yawa daga cikin matan nan suna raye, suna Tamaske da Ibohamane da Garhanga. Kakannin wasunku ne.

A 1989 wasu manoma daga yankin Illela suka je Yatenga ta Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa rami a kan fako, a zuba taki, a shuka a ciki. Suka dawo suka gyara tassa irin tamu ta gargajiya da abin da suka gani. Ba a daɗe ba fakon da ko kyauta ba a karɓa ya koma abin saye da sayarwa, don mutane sun gane ana iya tayar da shi. A Maradi kuma, tun daga 1983, sassabin zamani ya bazu, wato barin kututture ya yi toho a gyara shi maimakon a sare. Ana lissafin cewa ƙasarmu ta samu itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 ta wannan hanya.

Nan ƙofar gidanmu kuwa ga kwarin Tarka. Bayan yunwar 1984 gwamnatin Seyni Kountché ta matsa wa noman rani, daga baya aikin raya kwarin Tarka, wanda cibiyarsa ta kasance nan Madawa, ya yaɗa ƙananan rijiyoyin burtsatse da injinan ban ruwa. Yau Nijar na noma albasa fiye da tan miliyan ɗaya a shekara, kuma jihar Tawa ce kan gaba. Manyan motocin da kuke gani ana loda wa buhuna a Tunfafi da Sabon Gida da Karofane, Akara da Kumasi da Abijan suke nufa. Da aka rufe iyakoki a 2023, matan Gana sun ji a tukunyarsu, don farashin albasa ya tashi a kasuwanninsu.

To jama'a, ga tambayar. Yankin da duniya ke zuwa koyon yadda ake tare ruwa da tayar da matacciyar ƙasa, yaya aka yi ɗansa zai shiga 6e ya fita 3e, shekara huɗu cur, ba a taɓa fitar da shi daga aji an nuna masa gandari an ce ga dalilin da ya sa ake jera duwatsun nan a kan layin da ba ya hawa ba ya gangara ba? Yana iya zana maka fure ya rubuta sunan kowane sashe da Faransanci, amma ka tambaye shi rabin wata nawa ake haƙawa a hekta ɗaya, sai ya yi shiru. Amsar 313 ce, kuma duk wanda ya taɓa aikin gyaran ƙasa a Keita ya san ta, ko bai taɓa riƙe alƙalami ba.

Ku dubi abin da ke faruwa da yaron nan. Fiye da kashi 80 cikin 100 na ƴan Nijar a karkara suke, noma da kiwo ke riƙe da su, kuma kusan rabin mutanen ƙasar ba su kai shekara 15 ba. Kowa a nan ya san ajin 6e cike yake maƙil, kafin a kai 3e ya rage saura kaɗan, daga cikinsu ma ba duka ke samun BEPC ba. Wanda ya faɗi sai ya koma gida yana da shekara 16 ko 17. Lekol ta ɗauke shi daga gona a shekarun da ake koyon gona, kuma ba ta ba shi takardar da za ta kai shi buro ba. A ƙauye ana masa kallon wanda hannunsa ya yi laushi, a birni ana masa kallon wanda bai gama ba. Abin da ya rage masa shi ne tasha: Agadas, Libiya, Aljeriya, Abijan, Legas. Ban zo in zagi bida ba, don kuɗin ƴan bida ya rufe asirin gidaje da yawa a Adar, har da gidajen wasunmu. Amma tafiyar da mutum ya zaɓa daban take da wadda rashin sanin abin yi ya kora shi.

Na san abin da iyaye za su ce, don na sha jin shi: "Ba mu kai yaro lekol don ya riƙe hauya ba. Hauya muna da ta a gida, ita munka gada." Wannan magana kada wanda ya raina ta. Mutumin da ya ga rumbunsa ya ƙare tun kafin bazara, yana da haƙƙin ya so ɗansa ya ci albashi. Kuma tarihi na bayansa. A ƙasar da ake kira Haute-Volta a da, Burkina ta yau, an buɗe makarantun karkara daga 1961 don koya wa ƴaƴan manoma noma cikin shekara uku. Iyaye suka lura cewa ƴaƴan ma'aikata suna can wata lekol mai kai mutum ga takarda, nasu kuma an tura su wadda ba ta da ƙofar fita, sai suka juya mata baya. A Tanzaniya, Julius Nyerere ya fito da tsarin ilimin dogaro da kai a 1967, makarantu suka yi gonaki, amma jarrabawa ta ci gaba da tambayar abin da ke cikin littafi kawai, saboda haka malamai da ɗalibai suka ɗauki gonar a matsayin wahalar da ake yi kafin a koma ga karatun gaske. Mu ma a firamare muna da APP, ayyukan hannu da samarwa. Tunanin yana da kyau. Amma a wurare da yawa abin ya tsaya ga sharar fili da ɗebo ruwa, ko wata ƴar garka da ke bushewa kafin watan Maris.

Idan aka tattara dalilan faɗuwar nan, ba su da yawa. An mai da aikin gona horo, wanda ya makara ko ya yi surutu shi ake miƙa wa hauya. An mai da yara leburori, amfanin gonar kuma ba wanda ya san inda ya shiga. Ba a ba aikin maki ba, kuma ɗalibi ba wawa ba ne, ya san abin da ba ya cikin jarrabawa ba shi da nauyi. An fara ba ruwa ba danga, awaki suka gama da abin cikin dare ɗaya. Sannan an ware shi ga ƴaƴan talakawa. Duk wanda zai sake kawo maganar noma a lekol bai magance waɗannan ba, gara ya bar yara su huta.

Abin da nake kira a yi shi ne garka ta zama ɗakin gwaji na kolej. Yawancin kolejojin karkara ba su da laboratuwar, ba su da madubin ganin ƙwayoyin cuta, wasu ajin ma na zana ne. Amma suna da ƙasa da rana, wasu kuma ruwa na kusa. Kuma Allah Ya yi mana wata gata da ba mu lura da ita ba: shekarar karatu tana farawa a Oktoba ta ƙare a Yuni, daidai da shekarar noman rani. Albasa ana zuba irinta a Oktoba ko Nuwamba, a yi dashe bayan wajen kwana 45, a cire tsakanin Fabrairu da Afrilu. Afrilu da Mayu kuma lokacin haƙa tassa da rabin wata ne, kafin ruwan farko. Ɗalibi na iya bin amfanin gona tun daga ƙwayar iri har zuwa buhu, bai fita daga shekarar karatu ba.

Bari in zagaya da ku shekarar, ku ga abin da nake nufi.

Oktoba. A ba kowane rukuni ƙwayar iri 100, su sa a tsumma mai laima, su ƙirga nawa suka tsiro bayan kwana goma. In 62 suka fito, ga darasin kashi cikin ɗari ya shiga kai ba bulala. Ga kuma darasin rayuwa: kada ka zuba kuɗinka a irin da ba ka gwada ba. A nan ne malamin tarihi zai ba su labarin albasar Galmi, yadda a shekarun 2000 wani kamfanin iri na waje ya nemi a rubuta masa ita da sunansa a hukumar kare mallakar fasaha ta Afirka, OAPI, har Nijar ta tashi ta ƙi, daga baya aka yi wa albasar rajista da sunan yankinta. Yaro ya san cewa irin da kakansa ya zaɓa shekara da shekaru dukiya ce da ake iya sacewa da biro.

Nuwamba da Disamba. A auna fangali, tsawo da faɗi, a lissafa yawan dashen da zai ɗauka in tsakanin wannan da wancan santimita 15 ne. A ware fangali uku: ɗaya ba taki, ɗaya takin dabbobi, ɗaya takin dabbobi da ɗan takin zamani. Ruwa iri ɗaya, rana iri ɗaya. Kowane mako a auna tsayin ganye a rubuta a kaye. Wannan shi ne kimiyya, ka canza abu ɗaya ka riƙe sauran, ka bar ma'auni ya yi magana.

Janairu. Ƙwari sun fito. Malamin SVT ya sa yara su buɗe tsakanin ganyen albasa su ga ƙananan ƙwarin da ke tsotse shi har ya yi fari-fari. A koya musu karanta takardar da ke jikin kwalbar magani: nawa ake zubawa a lita nawa, kwana nawa ake jira kafin a ci. Kun san yadda ake sayar da piya-piya a kasuwanninmu cikin kwalabe marasa suna, kuna ganin samari suna feshi ba takalmi ba abin rufe hanci, wani ma da hannu yake motsa maganin. Darasi ɗaya a nan zai iya tsare huhun mutum. A gwada ruwan ƴaƴan dogon yaro da aka daka aka jiƙa, a kwatanta. A ba su labarin murzuna, tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi, da yadda masanan INRAN da na jami'ar Maradi ke kiwon wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai kashe ta, su sa shi a ƙananan buhunan garara a kai ƙauyuka a rataye. Yaro ya ji cewa akwai ƴan ƙasarsa da binciken gona ne aikinsu, kuma shi ma zai iya zama ɗaya daga cikinsu.

Fabrairu. Lissafin ruwa. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ce. Hekta murabba'in mita 10,000 ce. Ke nan daminar da ta ba da milimita 400 ta zuba lita miliyan 4 a kan kowace hekta. Ina ruwan yake tafiya? A kan fako gudu yake ya faɗa ƙorama, ya tafi da ƙasar gona. A sa ma'aunin ruwan sama a filin lekol. A riƙa zura igiya a rijiya kowane wata ana rubuta zurfin ruwan. Manoman Tarka da bakinsu suna cewa ruwa na ƙara nisa tun da injina suka yi yawa. Kolej goma in suka riƙe wannan kaye shekara biyar, hukumomin gari za su samu abin da za su duba kafin su yanke shawara a kan rijiyoyi.

Maris da Afrilu. A cire albasa, a auna abin da kowane fangali ya bayar. Sai babban darasi, wanda ya fi cin manomanmu: ajiya da kasuwa. Lokacin cira kowa na sayarwa, farashi na ƙasa. Bayan wata biyar ko shida buhun nan ya ninka, wani lokaci sau da yawa. Mai bashin mai da taki ba ya iya jira, dillali ya san haka. Wanda ya jira kuma ruɓa na cin rabonsa a cikin rudu. To yara su gina ƙaramin rudu, su zuba kilo 100, su auna kowane wata su ga abin da ya rage. Su gwada wadda aka yanke wa ruwa mako biyu kafin cira da wadda ba a yanke wa ba, wadda aka cika wa takin ure da wadda ba a cika wa ba. Wani rukuni ya riƙa zuwa kasuwa duk mako yana rubuta farashi. A ƙarshe su zauna da alli su fitar da kuɗin iri, mai, taki, ƙwadago da buhu, su ga riba ce ko faɗuwa. Manoma nawa ne a kwarin nan suke shekara suna wahala ba su taɓa yin wannan lissafi a rubuce ba?

Mayu. A fita bayan gari inda fako yake. A zana rabin wata mai faɗin mita 4, a lissafa filinsa da ƙa'idar da'irar da aka haddace a aji, a ga ya ba da murabba'in mita 6.28. A haƙa tassa, a zuba taki cikin tafin hannu biyu, a bar gara ta yi aikinta na huda ƙasa. A koyi gano layin da ruwa ke kwanciya da tiyo mai ruwa a ciki. In ruwa ya sauka, yaran da ke garin su shuka, su gwada ɗan takin da bai wuce cikin murfin kwalbar lemo ba a gindin kowace shuka, kamar yadda masanan ICRISAT na Sadore suka nuna. In an dawo a Oktoba, sabbin ƴan 6e su tarar da damman hatsi a wurin da aka ce ba ya haihuwa.

Ku faɗa mini, a cikin wannan duka wane darasi aka rage? Lissafi na nan, SVT na nan, fizik da shimi na nan, tarihi da labarin ƙasa na nan, Faransanci ma na nan, don rahoton da za su rubuta da shi za su rubuta, su kuma bayyana shi da Hausa a gaban iyayensu. Mai son zama likita ko injiniya bai yi asarar komai ba, ya ma fi gane abin da ya haddace. Wanda karatu ya tsaya masa a 3e kuwa ya koma gida da abin da babansa zai saurara.

Ba mu ne farkon masu wannan tunani ba. A Faransa, tun shekarun 1930 wasu iyaye manoma suka kafa makarantun da yaro ke yin wani lokaci a aji wani lokaci a gonar gida, yana zuwa da tambayoyin gona aji, kuma tsarin ya bazu har Afirka. A Amurka dokar 1917 ce ta sa kuɗin gwamnati a koyar da noma a makarantun sakandare, kuma ɗalibi kan riƙe aikinsa na kansa, da littafin shiga da fitar kuɗi. A Porto-Novo ta Benin akwai cibiyar Songhai tun 1985, inda kashin kaji ke zama taki, ragowar lambu ta zama abincin dabbobi. A Paraguwai akwai makarantar noma ta San Francisco da ke biyan kuɗin tafiyar da kanta daga abin da ɗalibai ke samarwa suna sayarwa. A gida muna da IPDR ta Kollo, da cibiyoyin koyon sana'a na CFM a ƙananan hukumomi, da makarantun manoma na cikin gona, da sashen koyon aikin gona a jami'ar Djibo Hamani ta Tawa. Duka suna da amfani. Sai dai yaran karkara da suka wuce firamare, mafi yawansu a CEG suke, can ya kamata ilimin ya same su.

Sharuɗɗan da nake ganin in babu su kada a fara, guda biyar ne.

Na ɗaya, ruwa da danga kafin iri. Kolejin da ke kan tudu inda rijiya ke da nisa, kada a tilasta masa albasa. Ya yi gandun renon itatuwa, ya yi gyaran fako, ya yi kiwon akuya ko kaji. Abin da ya dace da Bangi ba lalle ya dace da Allakaye ba.

Na biyu, a haramta horo da aikin garka, a rubuta a manna a ƙofar darekta.

Na uku, kuɗi a fili. Kwamitin iyaye da malamai, COGES, tare da wakilan ɗalibai su riƙe kaye ɗaya, a rubuta kowace dala a allon da kowa ke gani. Jiharmu ta Tawa ce aka fara ƙarfafa waɗannan kwamitoci a cikinta tun 2004 da taimakon Japan, ke nan ba baƙon abu ba ne gare mu. Riba ta koma ga iri, alli, da abincin yaran da ke zuwa daga ƙauyuka masu nisa suna wuni da yunwa.

Na huɗu, maki. Ko kafin ma'aikatar ilimi ta canza tsari, malamin SVT da na lissafi suna da ikon ɗaukar aikin garka a matsayin ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da suke ba maki a zango. Daga nan mu nemi a ba shi sa'o'insa da nauyinsa a jadawali, a kolejin birni da na ƙauye baki ɗaya. Ɗan prefe ya haƙa, ɗan manomi ya haƙa.

Na biyar, manomi ya shigo aji a matsayin malami, a kira shi da girmamawa, a ba shi ɗan abin goro. Tsohuwar da ta yi shekara goma tana gina gandari a Keita ta fi kowane littafi sanin inda ruwa ke bi. Mushe ya kawo dalili da lissafi, ita ta kawo ido da hannu. Da ɗan gari akan ci gari.

Ina da magana ta musamman a kan ƴan mata. Kada a yi rabon da aka saba, maza su riƙe ma'auni da kaye, mata su ɗebo ruwa. Yarinya ta auna, ta riƙe asusu, ta tada injin. Ƙanwata da ke zaune can baya, ke kin san ƴan ajinku nawa aka cire tsakanin 6e da 4e. Uban da ya ga ƴarsa ta hana shi asarar buhu goma saboda ta san lokacin yanke ruwa, zai yi tunani sau biyu kafin ya ce lekol ba ta da amfani gare ta. Matan da suka tayar da tsaunukan Keita da kawunansu, bai dace jikokinsu su tsaya ga ɗaukar bokiti ba.

Saura mu ƴan birni. Kowannenmu yana da garin da ya fito, kuma akwai kolej a can ko kusa da can. In ka je hutu, ka shiga ka gaida darekta, ka tambaye shi: fili nawa lekol ke da shi, yana da takarda, ruwa na da nisa? Ka zauna da shugaban COGES da maigari. Masu digirin aikin gona da ke zaune ba aiki, ku ba da yini ɗaya a mako, ku rubuta takardun darasi masu sauƙi da Hausa da Faransanci, mu yaɗa su ta WhatsApp. RECA da ɗakin manoma na jihar Tawa suna da takardun bayani a kan albasa da ƙwari da taki, har da layin waya da manomi ke kira a ba shi shawara da Hausa, a kai wa malamai su. Ƴan kasuwar albasa da ƙungiyoyinsu, waya ta danga da rijiya ɗaya ba za su gagare ku ba, kuma yaran nan ne za su noma muku abin da za ku loda gobe. Ƴan uwanmu da ke Abijan da Tripoli, kuna haɗa kuɗi ku gina masallaci da ɗakin shan magani, Allah Ya saka, a sa garkar lekol a cikin lissafi. Idan hukumomin gari suna zaman kasafin kuɗi, mu je mu zauna, mu tambaya da ladabi ina layin da aka ware wa wannan.

Kada mu ce sai an yi a kolej ɗari. A fara da uku, ɗaya a Madawa, ɗaya a Buza, ɗaya a Keita, kowanne da abin da ƙasarsa ke so. A riƙe kaye da gaskiya, har da abin da ya lalace. In shekara ta zagayo a kira iyaye da hukuma, yara su tsaya su karanta abin da suka auna. Gani ya kori ji.

Wanda ke da kolej a ransa, kada ya fita sai ya rubuta sunan garin a takardar da ke bakin ƙofa, da abin da zai iya bayarwa, ko lokaci ne, ko ilimi, ko jika ɗaya. Oktoba ba ta da nisa, kuma iri ba ya jiran mai shawara. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya ba ƙasarmu lafiya.